Danguolė da Rumbun Ciyawa

Gwaggona Danguolė, yayar babana, ba ta shiga wuri ba tare da ta fara ɗaga kai ta dubi silin ba. Coci ne, asibiti ne, tashar mota ce, sai ta dubi sama kafin ta dubi mutane. Yanzu shekarunta hamsin da bakwai, tana aiki a gidan waya na ƙauyenmu da ke gefen kogin Jūra, kuma yawancin masu zuwa karɓar saƙo ba su san ta taɓa riƙe raket ɗin badminton ba. Ni ma sai bara na ji labarin daga farko har ƙarshe, ranar da na kai mata itacen murhu ruwan sama ya tsare ni a kicin ɗinta.

"Gwaggo, wai me kike nema a sama ne?" na tambaye ta.

"Tsayi nake aunawa," in ji ta. "Wannan mita biyu da rabi ne, ba abin da za a yi da shi. Zauna ka sha shayi, kana ɗiga mini ruwa a ƙasa."

Ta yanka baƙin burodi, ta turo mini zuma, ta fara daga zauren wasan makarantarsu.

Asalin zauren ma'ajiyar dankali ce ta gonar gwamnati. Da aka gina sabuwar ma'ajiya sai aka bai wa makaranta tsohuwar, aka shimfiɗa katako, aka shafa fenti. Silin ɗinsa bai kai mita biyar ba, ga ƙarafa da bututun ruwan zafi sun gitta ta ko'ina. Malam Zenonas, mai koyar da wasanni, ƙwallon kwando ya so koyarwa kamar kowane malami a Lituweniya, amma duk yaron da ya jefa daga nesa sai ƙwallon ta bugi bututu ta dawo masa. Da ya gaji sai ya tafi garin Tauragė ya dawo da raket takwas da raga ɗaya da 'yan ƙwallayen badminton masu gashin tsuntsu.

Ƙwallayen ba su da yawa, kuma da zarar ɗaya ta hau sama sai ta maƙale a tsakanin ƙarafa. Don haka Malam ya kafa doka: wanda ya buga sama ya rasa maki, shi zai ɗauko tsani ya hau ya sauko da ita, sauran yara suna ƙasa suna yi masa waƙa. Danguolė tana da shekara goma sha ɗaya ta hau tsanin nan sau biyu a sati guda. Ba ta sake hawa ba. Hannunta ya koyi bugu miƙaƙƙe, ƙwallon ta wuce dab da saman raga da gudu ta nufi ƙirjin abokiyar wasa ko ƙugunta. Duk yaran ƙauyen haka suke bugawa, ita dai ta fi su sauri da taurin kai.

Kakana Anicetas, wato babanta, bai ɗauki abin wasa ba.

"'Yar wa ce take korar ƙuda da faifai?" haka yake cewa in ta dawo, yana kiranta da sunanta na gida. "Dangutė, in ƙuda kike so ki kora, ga garken shanu can, ba sai an ba ki takarda ba."

Takardun yabo kuwa sun taru. Ta ci gasar gunduma, ta ci ta yanki, domin zaurukan makarantun da ke kewaye da mu duk kusan tsayinsu ɗaya. Da ta gama makaranta ta kama aiki a wurin tara madara. Da asuba take karɓar madarar mutane, ta auna, ta zuba a tanki, kafin ƙarfe goma sha ɗaya ta tashi. Sauran yinin na raket ne.

Tana da shekara ashirin da huɗu, ƙasar ba ta daɗe da samun 'yanci ba, aka kira ta gasa a birnin Kaunas. Ta ce da ta shiga zauren sai ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a hannu. Fitilu suna can sama, nesa, kamar ba a ɗaki ɗaya suke da ita ba. Ta doke mata uku da bugunta na gida. A wasan ƙarshe ta haɗu da Loreta, wata doguwar ɗaliba 'yar Kaunas wadda ta tashi a wannan zauren.

Loreta ta zauna ta kalli wasanninta uku, ta gane abin da ba wanda ya taɓa ganewa. Tun bugun farko ta cilla ƙwallon can sama. Ƙwallon ta hau, ta hau, ta shiga cikin hasken fitilu, ta juya kai, ta fara saukowa a tsaye a kan layin baya.

"Ban taɓa ganin ƙwallo tana saukowa a tsaye ba," in ji Gwaggo. "Shekara goma sha uku ina wasa. Na tsaya a ƙarƙashinta kamar mai jiran mota. Na kai mata duka tun ba ta iso ba, na bugi iska."

In ma ta same ta, ba ta iya mayar da ita can baya. Sai ta miƙa ta yadda ta saba, Loreta kuwa tana tsaye a gaba tana jira. A lokacin mata zuwa maki goma sha ɗaya suke bugawa. Ta samu ɗaya a zagayen farko, uku a na biyu.

Kafin su bar zauren aka sanar cewa baɗi a watan Fabrairu za a sake haɗuwa a nan, kuma macen da ta yi nasara ita za ta bi tawagar da za ta je gasa a ƙasar waje. Kujera ɗaya ce ta mata. Danguolė ba ta taɓa wuce birnin Riga na maƙwabciyar ƙasa ba. Ta kuma ga 'yan mata masu shekara goma sha shida suna tasowa a zauren nan, ta san in baɗi ta wuce ta, shi ke nan.

A mota suna dawowa Malam Zenonas ya juyo ya dube ta.

"Ni na hana ki buga sama," ya ce.

"Malam, tsani ne ya hana ni. Yanzu dai a ina zan samu rufi mai tsayi?"

A waje iska ba ta barin ƙwallon gashi ta tafi daidai. Coci yana da tsayi, amma ba ta ma tambaya ba. Kaunas kuwa tafiyar awa biyu ce, ga madara da asuba. Duk bazara da kaka tana neman wuri, sai ga shi a bayan gidansu. Da aka rushe gonar gwamnati an mayar wa Kaka tsohon rumbun ciyawar mahaifinsa, babban gini na katako, tsakiyar rufinsa ya haura mita goma. A ƙarshen Nuwamba, da shanu suka ci ciyawar tsakiya wuri ya buɗe, ta shiga da igiya ta auna. Filin wasa ya shiga, har da ragowar taku biyu a kowane gefe.

Ta samu Kaka yana ba dinyoyinsa hatsi, manyan agwagin nan masu dogon wuya.

"Baba, ina son aron rumbunka."

"Ƙudan ƙauye sun ƙare ne, kin koma na rumbu?"

"Da kai ma nake so. Wani zai hau sama ya riƙa sako mini ƙwallo."

"Shekarata sittin da ɗaya, yarinya."

"Jiya na gan ka a kan rufi kana gyaran bututun hayaƙi."

Washegari da rana tsaka ya hau. Ya zauna a kan katakon da ya gitta rumbun, ƙafafu suna lilo, da hularsa ta fata da kwando a cinya, yana sako ƙwallaye ɗaya bayan ɗaya. Sati biyu ba abin da ta yi sai koyon jira. Ta koyi shiga bayan ƙwallon, ta ɗaga hannun hagu ta nuna ta, ta bari sai ta iso. In ta yi gaggawa sai ta ji murya daga sama.

"Ina za ta je? Ƙasa za ta zo, ba ta da wani gidan."

Daga nan suka koma kan mayarwa. Suka ja layuka da farar ƙasa, suka ɗaura igiya a madadin raga, Kaka ya ajiye kwandon dankali a kusurwar can baya. Ita za ta tsaya a nata layin bayan ta buga sama, ƙwallon ta ratsa filin duka ta faɗa kwando. Da farko ko kusa ba ta kaiwa.

"Saura taku biyu," in ji Kaka. "Ba ki ci abinci ba ne?"

Sanyin shekarar ya yi tsanani. Ruwan bokiti yana daskarewa a cikin rumbun, numfashinsu yana fita kamar hayaƙi. Da safar hannu take fara bugawa, sai jiki ya ɗau zafi ta cire. Gashin ƙwallo kuwa a irin wannan sanyi karyewa yake kamar busasshen kara. Kaka ne ya samo dabara. Ran Asabar in an hura ɗakin wankan tururi sai ya jera ƙwallayen a kan benci su sha tururi su yi laushi. Wadda gashinta ya karye ya zare shi, ya kamo dinya ya ciro na fiffiken hagu, ya yanka da reza daidai da sauran, ya soke ya ɗaure da zare. Ya ce na hagu da na dama ba sa lanƙwasa gefe ɗaya, in aka gauraya ƙwallon rawa take yi a sama. Ba wanda ya koya masa, zama ya yi ya duba. Kafin Kirsimeti dinyoyin da sun hango shi sai su watse.

A tsakiyar Janairu ƙwallon farko ta faɗa kwando. Danguolė ta gano cewa sai ta sa dukkan ƙarfinta, tun daga ƙafa har wuyan hannu, sannan take kaiwa daidai. Ta riƙe wannan ƙarfin, ta maimaita shi sau ɗari uku kullum, har ya zama ko ido a rufe hannun ya san shi. A farkon Fabrairu cikin goma bakwai suna shiga kwando, sauran ukun suna faɗuwa a gefensa.

Malam Zenonas ya zo ran Lahadi ya gani, ya cire hula ya sosa kai.

"Loreta ba ta san kina da wannan ba," ya ce.

"Kuma ba za ta sani ba sai a wasan ƙarshe," in ji Danguolė. "Bara zama ta yi ta karance ni. Bana ta karanta tsohon littafi."

Haka suka shirya. A Kaunas kafin wasan ƙarshe ba ta buga sama ko sau ɗaya ba, ko a lokacin ɗumama jiki. Zauren da ɗumi, mutane sun tuɓe rigunan sanyi sun rataye. Ta doke mata uku da bugunta miƙaƙƙe, Loreta tana zaune a benci tana kallo tana cin tuffa.

Wasan ƙarshe ya fara yadda na bara ya fara. Loreta ta cilla sama. Danguolė ta shiga bayan ƙwallon, ta nuna ta da hannun hagu, ta jira, ta buga. Ta ce ƙarar bugun ma daban ce, har 'yan kallo suka yi shiru. Ƙwallon ta wuce kan Loreta, wadda ta riga ta matso gaba, ta tafi can baya. Mai duba layi ya buɗe hannuwansa biyu. Ta fita, da kusan tsawon hannu.

Ta ɗauka zumuɗi ne. Ta sake bugawa, ta sake fita, a daidai wurin da ta farko ta faɗi. Ta uku ma haka. Ta karɓi ƙwallon ta jujjuya ta, sabuwa ce fil, ba abin da ya same ta. Na Loreta kuwa suna sauka cikin fili lafiya lau. Sau shida tana bugawa sau shida tana fita, zagayen farko ya tafi goma sha ɗaya da huɗu.

Da suka sauya gefe ta bar bugun sama gaba ɗaya ta koma na gida. Wannan karon ba kamar bara ba ne, domin yanzu ta iya tarar ƙwallo mai saukowa a tsaye, tana samunta da wuri ta danna ta ƙasa kafin Loreta ta gyara tsayuwa. Ta ci zagaye na biyu goma sha ɗaya da takwas. A hutun minti biyar Malam Zenonas ya miƙa mata ruwa.

"Rage ƙarfi kaɗan kawai," ya ce.

"Kaɗan nawa, Malam? Ƙarfi ɗaya na koya."

Zagaye na uku ya yi tsawo. Loreta ta gane cewa bugun saman ba ya shiga, sai ta daina tsaron baya ta tare gaba. Aka kai goma da takwas, Loreta ce a gaba kuma ita ke sakin ƙwallo. Ta tura Danguolė kusurwar hagu ta baya, ta jawo ta raga, ta sake tura ta baya. Danguolė ta isa a makare. Ba abin da zai cece ta sai ta ɗaga sama ta samu lokacin komawa tsakiya. Ta ɗaga, ta rage ƙarfi yadda Malam ya ce. Ƙwallon ta tsaya a tsakiyar fili, daidai kan raket ɗin Loreta.

A ɗakin sauya kaya Loreta ta zauna kusa da ita tana kwance igiyar takalmi.

"Ke 'yar ƙauye, a ina kika samo wannan bugun? Da yana shiga da yanzu ni ke kuka."

"Wa ya ce miki kuka nake? A rumbun ciyawa na koya."

Loreta ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Ita ce ta samu kujerar.

Abin da ya dami Danguolė a hanyar gida bai wuce tambaya ɗaya ba: me ya sa? Malam Zenonas ya yi ta tunani har suka wuce rabin hanya, sannan ya ce ba mamaki gashin dinyoyin ne. Na gida ya fi na kamfani faɗi, yana kama iska, ƙwallon ba ta gudu, shi ya sa ta saba da bugu mai ƙarfi. Maganar ta shiga kunnenta. Da ta isa gida Kaka yana bakin ƙofa yana share ƙanƙara, ya dubi fuskarta ya ci gaba da shara. A wurin cin abinci ta faɗa masa yadda aka yi, ta kuma faɗi abin da Malam ya ce.

"Wato gashina ne," in ji Kaka.

"Haka Malam ya ce."

"Ke fa, me kika ce?"

Ta sunkuyar da kai kan kwanonta. Ya tashi ya fita. Washegari ya kwance igiyar da ke rumbun, ya mayar da kwandon wurin dankali. Daga nan har bazara maganarsu ba ta wuce ta shanu da itace ba. Ko tsokanar ƙuda ya daina, kuma ta ce wannan ya fi komai yi mata ciwo.

A watan Yuli ana shigar da sabuwar ciyawa, rana ta take, rumbun ya yi zafi kamar murhu. Danguolė tana gyara wuri sai ta ci karo da kwalin ragowar ƙwallayen, guda tara, duk masu ɗaurin zaren Kaka. Layukan farar ƙasa ba su gama gogewa ba. Ba don komai ba, sai don hannu ya yi ƙaiƙayi, ta shiga gida ta ɗauko raket, ta tsaya a layinta, ta buga yadda ta saba.

Ƙwallon ta wuce inda kwando yake zama ta faɗi can gindin bango.

Ta ɗauki ta biyu. Gindin bango. Kaka yana can gefe da cokalin ɗibar ciyawa, ya tsaya.

"Sake," ya ce.

Ta buga duka taran. Ya je ya auna da ƙafarsa daga layi zuwa inda suka taru, ya dawo.

"A Kaunas da nawa suke fita?"

"Kamar haka."

"Waɗannan kuwa nawa ne, ba na kamfani ba."

"Naka ne, Baba."

Suka tsaya suna duban juna, gumi yana zuba. Rumbun bai canza ba, hannun bai canza ba, ƙwallayen su ne na Janairu. Kaka ya goge wuya da hularsa, ya dubi hular, ya dubi rana ta tsagar katako.

"Ranar da kika fara cika kwandon nan," ya ce, "ruwan bokiti dutse ne."

Washegari ta aro ma'aunin zafi daga wurin tara madara. Suka gwada da sassafe kafin rana ta fito, suka gwada da azahar, kwana uku a jere. Na safe kullum suna faɗuwa kusa da layi fiye da na azahar. Da suka kai wa Malam Zenonas labari ya zauna a kan dakalin gidansa ya riƙe kai. Ya ce iska mai sanyi ta fi nauyi, tana riƙe ƙwallo, mai ɗumi kuwa sakinta take yi, kuma wannan yana cikin littafin aji bakwai da ake koyarwa a ɗakin da ke kusa da nasa.

"Da kin buga biyar kawai a lokacin ɗumama jiki," ya ce, "da kin gani."

"Da Loreta ma ta gani," in ji Danguolė.

"Da ta gani ɗin, sai me?" in ji Kaka.

Gwaggo ta ce har yau ba ta samu amsar wannan ba. Ta ƙara shekara biyu tana zuwa Kaunas, bugun samanta yana shiga yadda ya kamata, amma 'yan matan nan sun riga sun girma. Ta zo ta uku, ta zo ta biyar, ta daina. Kujerar ba ta sake zuwa kusa da ita ba.

Na tambaye ta abin da Kaka ya ce a hanyarsu ta dawowa daga gidan Malam.

"Sai da muka kai ƙofar gida," in ji ta. "Sannan ya ce, 'Ni ba sai kin ba ni haƙuri ba. Amma akwai waɗanda suka yi sanyin bana da rabin fiffike.' Na shiga na ɗebo hatsi cike da kwano na kai wa dinyoyin. Babban cikinsu ya cije ni a gwiwa."